Dan Allah waye Lonnie Johnson, kuma me ya kai gwanin jita ga sharar otal?

Ɗan_Tumfure:

Assalamu alaikum jama'a manya da ƙanana. Tambaya gareni ga masu jin tsofaffin kiɗan baƙaƙen fatan Amurka. Ni ɗan koyon jita ne a nan Gombe, ba wani nisa nayi ba, da rana ina shagon gyaran waya, da dare in akwai data sai in ta kallon B.B. King a YouTube ina kwaikwayo har yatsuna sun yi kanta. Toh na lura in ana hira da shi aka zo kan waɗanda ya koya a wajensu yakan lissafo su T-Bone Walker da Charlie Christian da Django Reinhardt, sai kuma wani suna da yake yawan dawowa wai Lonnie Johnson. Na nemo shi na saurara, gsky ban ji wani abin tada hankali ba, faifan ma sai shuuu yake kamar ana suyar ƙosai, kuma da na ƙara bincike sai naga wai mutumin nan da tsufanshi a wani otal aka same shi yana shara da goge-goge. Abin ya tsaya mun a rai wlh.

Shi ɗan jaz ne ko ɗan buluz, don wani wuri a ce wannan wani wuri a ce wancan? Me yayi ne har sarki guda kamar B.B. King yake sara mishi? Sannan ya akayi mutum ya kai nan ya ƙare da tsintsiya, kwalba ce ko caca ko dai cutarshi akayi? Don Bappana kullum maganarshi kenan wai kiɗa baya kai mutum ko'ina, bana so in miƙa mishi hujja da hannuna.

Sarkin_Yawan_Bolari:

Kai ba shine wanda akace ya sayar wa shaiɗan ranshi a mararraba ba tsakar dare? A'uzubillahi. Ƙanina ajiye jitar nan ka riƙe sukundireba da kyau kaji, Bappa yafi ka gaskiya 😂

Baffan_Yelwa:

Wa alaikumus salam. Sarkin Yawa kai dai baka rabo da neman magana. Wancan Robert Johnson ne ɗan Mississippi, ya rasu 1938 yana ɗan shekara 27, kuma zancen mararrabar nan tatsuniya ce. Suna ne ya zo ɗaya, jini bai haɗa su ba, hasali ma Robert ɗin shine yaro, da fayafayan Lonnie ya taso a kunne, akwai waƙoƙinshi da in ka saurara zaka ji ƙarara Lonnie yake kwaikwayo murya da hannu.

Ɗana na Tumfure gyara zama. Sunanshi na yanka Alonzo Johnson, an haife shi a New Orleans 1899, garin da jaz ɗin kanshi ya tsiro. Kiɗa a wajenshi gado ne ba haye ba, uban makaɗi 'ya'yan makaɗa, tun yana yaro yake bin uban suna kaɗawa a bukukuwa da bakin titi. Kuma ba jita kaɗai ba, gogen Turawa yake ja, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, ya iya fiyano ya iya banjo. Ka riƙe zancen gogen nan don nan asirin yake.

A 1918 annobar murar nan da ta zaga duniya, wadda kakanninmu nan suke kira marisuwa, ta shiga gidansu ta share kusan kowa. Shi da ɗan'uwanshi James, wanda shima makaɗi ne, suka tattara suka haura St. Louis, Lonnie ya shiga kiɗa a jiragen ruwan shaƙatawa masu zirga-zirga a kogin Mississippi, a ƙungiyar Charlie Creath da ta Fate Marable. Wajen Marable ɗin nan ba wasa, a jirginshi shahararren mai busa ƙahon jaz Louis Armstrong ma ya goge. Sai 1925 aka sa gasar waƙar buluz a gidan wasa na Booker T. Washington a St. Louis, ya cinye, kyautar kuwa kwangila ce da kamfanin fayafayai na OKeh. Daga nan zuwa 1932 ya ɗaukar musu waƙa da kiɗa wajen 130, banda waɗanda ya kaɗa wa wasu mawaƙa irin su Victoria Spivey da Texas Alexander, ya kuma yi yawon wasa da Bessie Smith wadda a lokacin babu macen da ta kama ƙafarta a buluz.

Toh me yayi na daban. Kai yanzu ka taso ka tarar mai jita yana fitowa gaba ya tsaya shi kaɗai yana sa jita kuka kowa ya yi shiru, sai ka ɗauka haka Allah ya halicce ta. A'a. A da jita 'yar rakiya ce, aikinta a danne tsirkiyoyi a buga su gaba ɗaya caf caf caf a riƙe wa masu ƙaho tafiya, kuma ko a nan ma banjo aka fi so saboda ta fi ƙara. Dalili kuwa kafin 1925 babu makirfo a ɗakin ɗaukar faifai, wani ƙaton mazurari ake taruwa a gabanshi, iya ƙarar da ta shiga ita ke motsa allura ta yi zane a kan kaki, mai ƙaho ya cika wuri mai ganga a tura shi can baya, jita kuwa allura ko jinta bata yi sosai. Da aka koma ɗauka da lantarki sai ƙaramin sauti ya samu shiga, kuma daidai lokacin Lonnie ya iso da hannun mai goge. Mai goge ai layi ɗaya yake bi irin na mawaƙi, ya ja sauti ya lanƙwasa shi ya girgiza shi ya sake. Wannan ya ɗauko ya ɗora wa jita, tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, tsaf tsaf, da sauri in ya so, kuma ba ya tuntuɓe.

In kana son shaida nemi Hotter Than That, wanda suka ɗauka da Louis Armstrong a Chicago watan Disamba 1927. Akwai inda Armstrong ya ajiye ƙaho ya kama waƙa da baki ba kalma ko ɗaya sai di da du, ya jefa Lonnie ya cafe ya mayar mishi da jita, ya sake jefawa ya sake mayarwa. Armstrong fa, a shekarun da ba mai iya tsayawa kusa da shi. Shekara ta zagayo Duke Ellington ma ya kira shi ya kaɗa a fayafayan ƙungiyarshi. Sai kuma abin da ni a wajena yafi komai, kiɗan jita biyu da sukayi da Eddie Lang a 1928 da 1929. Lang farar fata ne ɗan Philadelphia, iyayenshi 'yan Italiya, shima da goge ya fara, ka ga abin ba haɗari bane. Amma da yake fayafayan na kasuwar baƙaƙe ne, kuma zamanin wariya ne ba'a son a ga fari da baƙi sun zauna kafaɗa da kafaɗa, sai aka rubuta wa Lang sunan ƙarya a jikin faifai wai Blind Willie Dunn, don mai saye ya ɗauka wani makaho ne baƙi daga kudu. Mutum da idonshi garau.

Saboda haka tambayarka ta jaz ko buluz, duka biyun ne. In ya buɗe baki buluz ne don ita ke sayuwa kuma ita kamfani ke so, in ya rufe baki ya bar hannu kuma jaz ne tsantsa. An kira magariba, sauran in na dawo.

MaiJita_Billiri:

Baba na Yelwa Allah ya ƙara girma, kun gama magana. Bari ni kuma in sa baki ta ɓangaren hannu tunda aikina kenan, ina kaɗawa a coci nan Billiri, ranakun biki kuma duk inda aka kira mu, Kaltungo ne Kumo ne cikin Gombe ne.

Ƙanina abin da yasa baka ji komai ba shine kunnenka ya saba da jikokin mutumin. Duk abin da yayi ka riga ka ji shi a hannun B.B. King da ƙarar lantarki da ƙungiya guda a bayanshi, sai ka koma wajen mai asalin abin ka ga kamar ba sabo. Kuma da sifikar waya kake ji na sani. Sa iyafis, ka rage gudun bidiyon zuwa rabi, ka ɗauki ɗaya daga cikin na su da Lang ka raba kunnenka biyu, zaka ji ɗaya yana ƙasa yana riƙe da tafiya da manyan tsirkiyoyi wannan yawanci Lang ne, ɗayan yana sama yana yawo wannan Lonnie ne. Sannan ka tuna babu amfilifaya babu wani akwatin gyaran sauti da ake takawa, katako ne da waya, kuma a fayafayan lokacin da dama jita mai tsirkiya 12 yake riƙewa. Je ka ari mai 12 ka gwada tura tsirkiya sama da yatsa har sauti ya lanƙwasa ka dawo ka bamu labari, ni na gwada yatsana bai yafe mun ba.

Girgiza sautin da kake gani B.B. King nayi, hannun hagu na kaɗawa, shi da bakinshi yace ya samo ta ne garin ƙoƙarin kwaikwayon ɗan'uwanshi Bukka White mai goga ƙarfe a kan tsirkiya, shi kuma ya kasa da ƙarfen sai ya nemo sautin da yatsa. Amma tsarin in rera layi ɗaya jita ta amsa mun da layi ɗaya, wannan hanyar Lonnie ce da T-Bone. Ka lura B.B. baya waƙa da kiɗa lokaci ɗaya, in yana waƙa jitarshi da yake kira Lucille tayi shiru in yayi shiru ta karɓa. Mu nan bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba, marigayi Dan Maraya Jos tsirkiya ɗaya tak gareshi a kuntigi kuma ba wanda ya taɓa cewa kiɗan bai cika ba.

Abin da ni yafi burge ni kuma ba gudun hannun bane, yadda yake bin mawaƙi ne. Texas Alexander ɗin da Baba ya ambata mutum ne da baya ƙirga kiɗa, waƙar gona da aikin ƙarfi ya iya, ya ja layi ya tsaya inda ya ga dama ya shiga inda ya ga dama, amma ka saurari yadda Lonnie ke binshi, baya jan shi baya tura shi, jira yake ya ga inda zai sauka ya shimfiɗa mishi. Duk wanda ya taɓa kaɗa wa iyayenmu mata a coci ya san wannan jarabawar, mama zata ɗauko waƙa daga inda muryarta ta tashi da safen nan ba ruwanta da inda kuka yi gwaji jiya, kai ne zaka bi ta da lalube a tsirkiya ta biyu har ka kamo ta kuma fuskarka a sake kamar dama can haka aka shirya. Wanda ya iya wannan shine makaɗi, ba mai gudun yatsa a ɗaki shi kaɗai ba.

Shawara ɗaya, duk layin da kake son ɗauka a wajenshi fara rera shi da baki tukuna, in bakinka bai iya ba yatsa ba zai iya ba.

Adda_MaiLissafi:

Ni ban san jita ba ko kaɗan, miji na ne mai jin waɗannan tsofaffin har na haddace wasu ba da son raina ba, amma zancen kuɗi nawa ne don haka bari in ce wani abu kafin Baffa ya dawo.

Ƙanina kace ko cutarshi akayi. Ya danganta da me kake kira cuta. A zamanin nan yawancin mawaƙa baƙaƙe ladan aiki ake basu, ka shiga ka rera a ƙirga maka kuɗin kowace waƙa a hannu ka sa hannu a takarda ka fita, faifan ya zama na kamfani, ko ya sayar da dubu ko ya sayar da dubu ɗari kai ka riga ka ci naka. Toh muddin ana kiranka kullum ba zaka ji ciwon ba, aljihu da nauyi, kwat sabuwa. Ranar da aka daina kira ne zaka gane baka da komai da ke haihuwa. Kuma an daina kiran, don tattalin arzikin Amurka ya rushe a 1929, cinikin fayafayai da ya haura miliyan 100 a 1927 ya faɗo kusan miliyan 6 a 1932, ga rediyo ta shigo gidaje ana jin kiɗa kyauta, wa zai sayi faifai alhali babu na burodi.

Ni abin da yasa labarin baya bani mamaki, ina ganinshi da idona. Yaro zai yi waƙa ta karaɗe gari ana sa ta a kowane gidan biki da kowace keke napep, ka tambaye shi nawa ya samu ya ce ai tun a situdiyo ya sayar, ko kuma lokacin siyasa ya zo a yi ta ruwan kuɗi ya sayi mota ya ƙara aure, zaɓe na wucewa waya ta daina ƙara. Don haka Bappanka ba ƙarya yayi ba duka, rabin gaskiya gareshi. Inda ban yarda da ku ba ku duka biyun shine yadda kuke faɗin shara ɗin nan kamar wani abin kunya. Dattijo ɗan shekara 60 ya tashi da asuba ya je aiki ya karɓi albashinshi bai roƙi kowa ba, ina abin kunya? Wanda ya kamata yaji kunya yana can ofis da takardar da aka sa hannu.

Baffan_Yelwa:

Adda kin rage mun aiki, Allah yayi albarka. Haka ne, ba sai an nemo kwalba ko caca ba kafin a gane labarin nan, kasuwa kaɗai ta isa. Kuma ba sau ɗaya ta watse mishi ba, wannan ne mutane basa lura.

Bayan 1932 ya bar ɗaukar faifai na wasu shekaru, ya zauna Cleveland yana ɗan taɓa wasa a rediyo, har aikin masana'antar ƙarfe yayi a Peoria, mutumin da ya zauna da Armstrong da Ellington. Wajen 1937 ya dawo ta Chicago, ya ɗauka wa kamfanin Decca, daga 1939 kuma Bluebird, ya rungumi jitar lantarki da ta fara yaɗuwa, ya sake samun kasuwa. Sai babbar, a 1947 ya shiga kamfanin King na Cincinnati, 1948 ya saki Tomorrow Night ta yi mako 7 tana ta ɗaya a jerin fayafayan baƙaƙe na mujallar Billboard, yana dab da shekara 50. Kuma ka san abin dariya, ba buluz bace, waƙar soyayya ce mai sanyi a hankali, irin wadda ake rawa da ita a rungume. Elvis Presley ma da ya taso sai da ya rera ta. A 1952 ya je Ingila wasa, wani saurayi mai suna Tony Donegan da ya yi wasa a dandali ɗaya da shi ya ɗauki sunan ya koma Lonnie Donegan, shi kuma wannan shine ya sa yaran Ingila rububin sayen jita har da su John Lennon. Ka ga inda sunan ya kai, mai sunan kuma yana komawa gida kasuwa ta sake juyawa. Samari sun koma rok an rol, masu son buluz sun koma wajen su Muddy Waters masu kiɗa da ƙarfi da gurnani, salon Lonnie mai laushi da tsafta ya zama na iyaye.

Haka ya ɓace har 1959, wani mai gabatar da shirin jaz a wata rediyo a Philadelphia, Chris Albertson, ya sa tsohon faifanshi yana tambayar ko ina mutumin nan ya shiga. Ta hanyar masu bugo waya, cikinsu har da tsohon makaɗin banjo Elmer Snowden, aka gano ashe yana cikin garin, yana aikin shara a otal ɗin Benjamin Franklin. Albertson ya kai shi situdiyo, 1960 sabon faifai ya fito a kamfanin Prestige, hannu na nan murya na nan ba abin da ya taɓa su.

Amma a nan wani abin haushi ya ɓullo wanda ni ya fi mun sharar ciwo. Masu neman tsofaffin 'yan buluz a lokacin ɗaliban jami'a ne farare, kuma sun riga sun zana hoton abin da suke so a ransu, tsoho daga gonar auduga da tsohuwar jita da haƙora a zube yana kukan wahala. Sai ga Lonnie ya fito musu da kwat da nakatai da jitar lantarki, ɗan birni fes, yana son ya rera musu waƙoƙin soyayya. Da yawa basu ji daɗi ba, wai bai cika na asali ba. Mutumin da tun kafin a haifi iyayen wasunsu yake buluz. Sai aka riƙa ɗaga waɗanda basu kai shi hannu ba saboda sun fi dacewa da hoton. Duk da haka ya samu yawon Turai a 1963 tare da su Muddy Waters ɗin, 1965 ya koma Toronto ta Kanada da zama, ya buɗe ɗan gidan kiɗa nashi bai yi ƙarko ba. Watan Maris 1969 yana tafiya a gefen titi mota ta hau ta buge shi, ya karye a ƙugu, daga nan bai sake samun lafiya sosai ba, ya rasu ran 16 ga Yuni 1970.

Jikan_Ardo_Dukku:

Baffa a gafarce ni, nifa duk wannan dogon tarihin abu ɗaya nake gani, kayanmu ne aka kwashe aka kai can aka shafa mishi mai aka dawo mana da shi muna ta mamaki. Banjo ɗin da kuke faɗa ai bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta da duma da fata, dangin gurmi da molo da garaya ce. Ali Farka Touré na Mali da ya fara jin ɗan buluz ɗin Amurka John Lee Hooker ai cewa yayi wannan kiɗan gidansu ne, kuma shi da kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya ya fara tun yana yaro kafin ya taɓa jita. Toh me zai sa yaro a Tumfure ya tsallake Ali Farka da Tinariwen da Bombino da Mdou Moctar na nan Nijar maƙwabta, wanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarshi ta farko, ya tafi New Orleans neman malami a faifan da ko ji ba'a yi da kyau?

Sannan zancen abinci da Adda ta kawo, Ali Farka ai ya nuna hanya. Ya ci kyautar Grammy da faifan da sukayi da Ry Cooder a 1994, duniya na nemanshi, amma shi manomi yake kiran kanshi, ya koma Niafunké bakin kogin Kwara yana noman rani, 2004 suka zaɓe shi magajin gari, har ya rasu 2006 yana da gonarshi da mutuncinshi. Ba wanda ya je ya tsamo shi a otal. Hamma na Tumfure in zaka ɗauki gwani ɗauki mai gona.

Baffan_Yelwa:

Jikan Ardo zancen banjo gaskiya ne, zancen Hooker ma gaskiya ne, in ka ji irin buluz ɗin can ƙauyukan Mississippi da ake zama kan sauti ɗaya ana ta juya shi ba'a motsawa, ko kurma ya san daga ina ya taso. Amma kada mu haɗiye komai da loma ɗaya. Lonnie ba daga nan ya fito ba. New Orleans tashar jirgin ruwa ce, Faransawa sun mulke ta Sifaniyawa sun mulke ta, ga mutanen tsibiran Karibiyan ga bandunan sojoji ga kiɗan coci ga fiyano, yadda yake sauya sauti daga wannan mazauni zuwa wancan da lissafi ba a gurmi ya samo shi ba kuma ba a wajen Bature kaɗai ba, abin da baƙaƙen can suka ƙera ne da hannunsu bayan ɗaruruwan shekaru a ƙasar. In muka ce duk namu ne sun dawo mana da shi, mun yi musu abin da ɗaliban can sukayi mishi kenan, mun zana hoton da muke so mun ce ya shiga ciki. A bar wa mutum aikinshi.

Batun gona kuma ai Ali Farka yana da ƙasar da zai koma ne. Jikan bayi a birnin Amurka wanda annoba ta cinye gidansu wace gona zai koma? Tashi gonar ita ce masana'antar ƙarfe da otal ɗin, kuma sau biyu tana riƙe shi har kiɗa ya dawo. Yaro ya ji Ali Farka ya ji Lonnie, kunne biyu Allah ya bashi.

Ɗan_Tumfure:

Kai jama'a na gode wlh, Baffa Allah ya ƙara lafiya, Adda na ji kuma shagon ba inda zan kai shi. Na sa iyafis na ji na Armstrong ɗin, wajen jefawa da cafewar nan sai da na maimaita har batir ya mutu. Hamma na Billiri tambaya ta ƙarshe, wani zai sayar mun da jitar lantarki ta hannu da ƙaramin amfilifaya, in karɓa ne ko in ci gaba da ta katakon tukuna?

MaiJita_Billiri:

Da wace wutar zaka kunna ta? Bar kuɗinka tukuna. Ta katakon ka kai a duba maka wuyanta, iskar hunturun nan tana busar da itace saitin tsirkiya ya canza ka yi ta fama kana zaton hannunka ne, in an saita sai ka sa tsirkiyoyi marasa kauri don lanƙwasawa tayi sauƙi, in babu a Gombe ka bada saƙo Jos wajen direbobi, kuma ka riƙa goge su da ƙyalle duk ka gama don gumi ke cinye su. In ka samu ranar da ba kasuwa ka hau mota ka zo Billiri mu gwada irin na mutanen nan biyu, ni in riƙe ƙasa kai ka hau sama. Ka taho da tsirkiya ta ɗaya guda biyu, tawa ta tsinke wajen wani biki a Kaltungo har yau da ƙulli nake lallaɓa ta.